WA ZA A DANƘA WA MABUƊI?

Muna rubuto muku daga Sanyinna, cikin ƙasar Tambuwal. Bayan kakar bana wata magana ta taso a cikinmu, ta raba dattawanmu biyu, har mako uku ana zama ana tashi ba a daidaita ba. Tun da shi ke mun tabbata ba mu kaɗai irin wannan magana ta ke samu ba, muka ga ya kamata mu shimfiɗa ta a gabanku, mu yi tunani tare.

Akwai wani saurayi a cikinmu, ba za mu faɗi sunansa ba. Shekara biyar da suka wuce ya tafi cin rani Kudu, kamar yadda samarinmu su kan yi in an kwashe amfanin gona. Can ya kama dako a kasuwa. Abokan aikinsa suka ce masa in ya haɗiyi tiramol ba zai ji nauyin buhu ba. Ya haɗiya. Daga ƙwaya ya zarce zuwa wiwi. Da ya komo gida sai ga shi a rame, idanu jawur, har ya sayar da awakin uwarsa biyu ba da saninta ba. Dukanmu mun sani, gama ƙaramin gari ba ya ɓoye labari. Daga baya iyayensa suka kai shi asibitin gwamnati da ke Kware, ya yi jinya, ya dawo, ya kama noma. Yau shekara uku ke nan ba wanda ya ga ya taɓa kome. Awakin ma ya biya.

To, bana ya ce yana so ya shiga soja. A cikin takardun da a ke nema akwai ta mai tsaya wa mutum, watau babban mutum wanda zai sa hannu ya shaida halinsa. Sai uban yaron ya tafi wurin wani dattijonmu, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya ce masa, "Malam, ga ɗanka nan. Ka sa masa hannu. Abin da ya wuce ya wuce. In masu bincike sun zo, ka ce ba ka taɓa jin kome ba."

Dattijon bai sa hannu a ranar ba, ya kawo maganar gaban 'yan'uwansa. Waɗansu suka ce, "Allah ya gafarta masa, mu su wane ne da za mu tona?" Waɗansu kuwa suka ce, "Ba a ba kura ajiyar nama. Hali zanen dutse ne."

Ga tambayar, kashi biyu ce. Mutumin da ya taɓa shaye-shaye, ya cancanta a danƙa masa bindiga, ko asirin hukuma, ko mabuɗin ma'aji? Shi kuma wanda aka kira shaida, me ya wajaba ya faɗa?

Don Me Hukuma Ta Ke Tambaya?

Binciken hali ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Tun zamanin kakanni, sarki ba ya naɗa ma'aji ko mai tsaron ƙofar gari sai ya san asalinsa da irin mutanen da ya ke zama da su. Ko aure ma ba a ɗaurawa sai an yi bincike. Gwamnati ta ɗauki wannan al'ada ne ta sa a takarda. Tun 1962 akwai dokar da ta hana ma'aikaci fitar da asirin gwamnati. A 1986 aka kafa hukumar tsaro ta farin kaya, wadda a ke kira DSS, cikin ayyukanta kuwa har da bin diddigin waɗanda za a ba manyan muƙamai. A 1989 aka kafa NDLEA, mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi. Masu neman aikin soja da na ɗan sanda kuma a kan duba lafiyarsu, a kan yi musu gwajin ƙwaya.

Waɗansu samari suna tsammani ƙiyayya ce kawai, ko neman dalilin korar ɗan talaka. Amma in mun duba da kyau za mu ga shaye-shaye yana huda mutum wuri huɗu, ta kowane kuwa amana tana iya zubewa.

Na ɗaya, baki. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mai tsaro yana ɗauke da maganganu a cikinsa: wace rana za a fita sintiri, ta wace hanya, mutum nawa, wa ya kawo rahoto. Maye kuwa yana kwance bakin mutum, ya faɗi da dare abin da ba zai tuna da safe ba.

Na biyu, aljihu. Ƙwaya ba ta ƙoshi. Abin da ya ishe shi bara ba zai ishe shi bana ba. Albashi ya ƙare tun wata bai yi nisa ba, sai bashi. Mai bashi a wuya kuwa, in aka nuna masa kuɗi don ya faɗi kalma biyu, da wuya ya kau da kai.

Na uku, abokai. Wiwi haramtacce ne a dokar ƙasarmu, an yi doka musamman a kansa a 1966. Maganin tari mai kodin, gwamnati ta hana shigo da shi da yinsa a watan Mayu na 2018. Tiramol maganin asibiti ne, sai da takardar likita. Saboda haka duk mai shan waɗannan don maye, dole yana da dillali a ɓoye. Dillalin nan ya san fuskarsa, ya san gidansa, ya san inda ya ke aiki. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, NDLEA ta kama masu kai wa 'yan bindiga ƙwaya cikin daji. Ashe mai gadin gari da mai kawo wa gari hari suna iya zama masu ciniki a hannun mutum guda.

Na huɗu, shi ne mafi muni, asirin kansa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wanda ya shiga aiki da ɓoyayyen laifi, duk wanda ya san laifin nan ya riƙe igiyar wuyansa. Ranar da ya ga dama sai ya ja, ya ce, "Ko ka gaya mini abin da na ke so, ko in gaya wa shugabanka abin da ba ka so."

Mu a nan wannan ba tatsuniya ba ce. 'Yan'uwanmu na ƙasar Kebbe, waɗanda ke kusa da daji, sun san abin da infoma guda ɗaya ya kan jawo wa ƙauye. Gwamnatin Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara da Sakkwato suka kafa nasu a 2024, ana ɗibar samari daga cikin garuruwansu. Watau tambayar wa za a amince wa ta bar manyan ofisoshin Abuja, ta iso har zauren mai unguwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Labarin Abokai Biyu

Bari mu kawo misali daga nesa, domin a ga ba mu kaɗai ba ne. A ƙasar Amurka an yi waɗansu samari biyu, Christopher Boyce da Daulton Lee. Tare suka tashi, tun suna yara suna hidima tare a majami'a. Da suka girma, uban Boyce, wanda ya taɓa aikin 'yan sandan ciki, ya yi wa ɗansa hanya ya sami aiki a wani kamfani mai ƙera wa gwamnati taurarin leƙen asiri. Aka ba yaron izinin shiga ɗakin da a ke ajiye manyan asirai. Shi kuwa Lee ya zama mai sayar da ƙwaya. Boyce ya riƙa fitar da takardu yana ba abokinsa, shi kuma yana kai wa ofishin jakadancin Rasha da ke birnin Meziko, ana ba shi kuɗi. A watan Janairu na 1977 aka kama su. Aka yanke wa Boyce shekara 40, Lee kuwa ɗaurin rai da rai.

Ku lura da abu biyu. Yaran gidan mutunci ne, sun tashi cikin majami'a, wannan bai tsare su ba. Sa'an nan hanya aka yi wa yaron, darajar ubansa aka duba. Da an tambayi wanda ya ke yini da shi, da wataƙila labarin ya sāke.

Yadda Waɗansu Su Ke Aunawa

Da jin wannan, mai karatu zai ce lalle mutanen Amurka sun rufe ƙofa gaba ɗaya ga duk wanda ya taɓa shan wani abu. Ba haka ba ne, abin da ya ba mu mamaki ke nan.

Wanda ya ke neman izinin ganin asirin gwamnatinsu ya kan cika wata doguwar takarda. A ciki a kan tambaye shi ko ya sha haramtacciyar ƙwaya cikin shekara bakwai da suka wuce, da ko ya taɓa sha yana riƙe da irin wannan izini. Wata doka ta 2008 ta hana a ba da izinin ga wanda ke cikin sha har yanzu, ko wanda ƙwaya ta kama. Wannan babu jayayya. Amma ga wanda ya sha dā ya bari, ƙa'idodin da suka tsara a 2017, guda goma sha uku, sun ce a auna mutum ɗungum, da alherinsa da aibinsa. A kan duba yaushe ne rabonsa da sha, sau nawa ya sha, yana da shekara nawa a lokacin. A kan duba ko ya rabu da abokan shan, ko ya bar wuraren da a ke sha, ko ya gama jinyar da likita ya sa shi, ko ya yarda ya sa hannu cewa in ya koma a karɓe izinin. A watan Disamba na 2021 ma shugabar hukumomin leƙen asirinsu ta ba da umurni cewa shan wiwi na dā abin dubawa ne, amma shi kaɗai ba zai yanke hukunci ba.

Abin da ba su ɗauka da sauƙi shi ne ƙarya. Wanda ya ɓoye gaskiya da gangan a takardar nan, laifin yana iya kai shi kurkuku har shekara biyar, ban da rasa aikin. Mutum ya kan ce, "Na sha wiwi ina makaranta, na bari tuntuni," a ba shi izini. Wani kuwa ya ce bai taɓa ba, a gano, a kore shi saboda ƙaryar.

Ba muna cewa dokar Amurka ita ce tamu ba. Kowace ƙasa da tata. Amma mun ga hikima cikin wannan ma'auni, gama ya lura da abin da muka faɗa a sama. Laifin da mutum ya faɗa da bakinsa ya daina zama igiya a hannun maƙiyi. Wa zai tsoratar da kai da abin da shugabanka ya riga ya sani?

Gafara Dabam, Amana Dabam

Yanzu mu komo ga dattawanmu. Da muka zauna muka tsefe maganar, sai muka ga kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya.

Masu cewa Allah ya gafarta masa sun yi daidai. Gafara kyauta ce. Ba a saye, ba a jira sai shekara uku. Ranar da yaron nan ya durƙusa gaban uwarsa, ranar ta yafe, mu ma bai kamata mu riƙa goranta masa ba. Amma laifin da aka yi mini, ni ke da ikon yafewa. Ran mutanen ƙauyen da za a tura shi ya tsare kuwa ba nawa ba ne, balle in yi kyauta da shi. In na sa hannu bisa ƙarya, na yi alheri da kayan wani. Uwa tana iya yafe wa ɗanta awaki biyu yau, duk da haka ta jira ta ga kamun ludayinsa kafin ta bar masa garken duka. Ba wanda zai ce ba ta yafe ba.

Masu cewa ba a ba kura ajiyar nama su ma sun yi daidai, muddin kura ce. Amma da suka ce hali zanen dutse ne, nan muka rabu da su. In mutum ba ya sākewa, me ya kawo wa'azi? Me ya kawo asibitin Kware? Mun ga mashaya sun bari, sun tsufa cikin mutunci, kun gani ku ma a garuruwanku.

Masu karatun Littafi sun san irin wannan gardama ta taɓa raba manyan bayin Allah biyu. Saurayin nan Markus ya bi Bulus da Barnaba cikin tafiyarsu ta fari, da suka kai Bamfiliya sai ya rabu da su ya koma gida. Sa'anda za a sāke fita, Barnaba ya so a tafi da shi, Bulus ya ƙi. Gardama ta yi zafi har suka rabu, Bulus ya ɗauki Sila, Barnaba ya ɗauki Markus suka nufi Kubrus. Bulus ya duba nauyin aikin, Barnaba ya duba yaron. Bayan shekaru, Bulus da kansa, yana kurkuku, ya aika wa Timoti ya zo masa da Markus, domin yana da amfani gare shi. Me ya faru tsakani? Shekarun da Markus ya yi yana aiki a gaban idon wanda bai fid da zuciya a kansa ba. Da babu Bulus, da Markus bai san nauyin abin da ya yi ba. Da babu Barnaba, da bai sami wurin gyarawa ba. Kowane gari yana bukatar su biyun.

Abin da Gwaji Ba Ya Gani

Wani zai ce, "Ai akwai gwaji. A bar likita ya yi aikinsa, me ya sa za a dami dattawa?" Gwajin fitsari yana da amfani, amma ganinsa gajere ne. Kodin da tiramol su kan fita daga jiki cikin 'yan kwanaki. Wiwi ya kan daɗe kaɗan, ga mai sha kullum har wajen wata guda. Gwajin gashi ya kan kai wajen wata uku. Saboda haka mashayi mai wayo yana iya daurewa 'yan makonni ya wuce, ya koma ruwa ranar da ya karɓi kaki. Wanda kuma likita ya rubuta wa magani saboda ciwo na gaske, gwaji yana iya kama shi, sai ya nuna takardarsa.

Gwaji yana ganin kwanaki, maƙwabci yana ganin shekaru. Mu ne muka san wanda ya bar majalisar bayan kasuwa da wanda har yanzu ya ke laɓawa can da magariba. Mu ne muka san wanda ya biya bashinsa. Domin wannan ne hukuma ta ke neman hannun hakimi, da shugaban makaranta, da tsohon ma'aikaci. Sa hannun nan rantsuwa ce. Amma kaito, mun mai da ita abin kunya da zumunci. Mu kan sa wa ɗan wanda ba mu iya ce wa a'a, mu kan sa wa yaron da ba mu taɓa gani ba don an kawo goro. Ranar da irin wannan yaro ya harbi direba a shingen hanya yana cikin maye, mu kan ce gwamnati ta lalace. Hannun wa ke kan takardarsa?

Shaidar gaskiya kuma baki biyu gare ta. Wanda ya ɓoye shan dā ya yi shaidar zur. Wanda ya faɗi shan, ya yi shiru a kan shekara uku na tuba, shi ma ya yi shaidar zur. Akwai masu jin daɗin tona asirin ɗan maƙwabci don nasu ɗan ya sami gurbi. Wannan hassada ce, ko da an yafa mata rigar gaskiya.

Ƙorafi Uku

Ba za mu ɓoye muku ba, uban yaron ya kawo ƙorafi masu nauyi, ya kuwa kamata a amsa su.

Ya ce, "In ɗana ya faɗi gaskiya za a ajiye shi, maƙaryata su wuce." Wannan yana iya faruwa. Ba za mu yi wa kowa alkawari cewa gaskiya tana kawo aiki kullum ba. Wani jami'in da ya ji kalmar wiwi zai ture takardar, ba zai ƙara tambaya ba. Amma a auna hasara biyu. Wanda aka ajiye saboda gaskiya ya rasa aiki guda, yana nan da gonarsa da sunansa da barcinsa. Wanda ya shiga da ƙarya zai yi shekara talatin yana fargabar duk wanda ya san shi a Kudu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Muna kuma roƙon masu ɗaukar aiki, in akwai su cikin masu karatu: in kuna korar duk wanda ya faɗi gaskiya, kuna koya wa samari ƙarya ne, za ku cika bariki da waɗanda suka iya ɓoyewa.

Ya ce kuma, "Ɗan talaka kaɗai a ke gwadawa." Nan ma da gaskiyarsa. Kurtu yana riƙe da bindiga ɗaya, mai babban muƙami yana riƙe da asirin jiha duka da dukiyarta. In za a gwada na ƙasa, na sama ya fi cancanta. An fara taɓa wannan. A Kano an yi wa masu neman kujerun ƙananan hukumomi gwajin ƙwaya kafin zaɓen 2021 da na 2024, aka kuwa sami waɗansu da ita a jikinsu. Janar Buba Marwa, wanda aka ba shugabancin NDLEA a 2021, ya yi ta kira a gwada masu neman mulki. Maganin mudu biyu shi ne a auna kowa da mudu ɗaya. Ba a fasa awo don waɗansu sun kauce masa.

Na uku ya ce, "In an rufe wa irinsu ƙofa, ina za su?" Wannan ita ce ta fi taɓa mu. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum wajen miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wata ƙwaya cikin shekara guda. A yankinmu na Arewa maso Yamma wajen miliyan uku ne. Ɗaya cikin huɗu na masu shan kuwa mace ce. Waɗannan 'ya'yanmu ne. In aka ce duk wanda ya taɓa sha ya mutu ga kowane aikin amana har abada, to, mun gaya wa miliyoyin nan cewa bari ba shi da lada. Wanda gari ya ƙi, daji yana marhabin da shi. Dole a bar hanyar komowa, amma hanya ce mai matakai, ba a tsallake su.

Inda Muka Tsaya

Ga abin da muka daidaita a kai, muna ba ku shi ku gwada da naku hankali.

Wanda ke cikin sha yanzu, kada a sa masa hannu, ko ɗan wane ne. Abin da ya ke bukata magani ne da mai riƙe shi, mu kuwa ba mu sauke nauyinmu da ƙin sa hannu kaɗai ba, sai mun bi shi.

Wanda ya bari jiya, a yi murna da shi, a karɓe shi, amma a ba shi lokaci. A fara danƙa masa ƙaramin mabuɗi tukuna.

Wanda ya bari da daɗewa, ya rabu da abokan dā, ya gyara ɓarnar da ya yi, ya kuwa yarda ya faɗi gaskiya in an tambaye shi, a tsaya masa da gaba gaɗi.

Mai shaida kuma kada ya yi talla da laifin da aka tuba, kada kuwa ya yi musunsa in wanda ke da hakkin tambaya ya tambaya.

Da aka duba yaronmu bisa wannan, sai wani ya tuna mana da abin da muka manta. Shekara biyu ke nan mabuɗin rumbun da mu ke tara hatsin taimakon gwauraye yana hannunsa. Tun fari da gangan aka ba shi, ana kallo. Ba a taɓa rasa ko mudu ɗaya ba. Har wanda ya ce hali zanen dutse ne ya yi shiru, can ya ce, "Wannan kam na gani da idona."

Dattijon ya kira yaron da ubansa. Ya ce, "Ɗana, zan sa maka hannu. Amma ka ji sharaɗina. In an tambaye ni, zan faɗi abin da ka yi a Kudu, in faɗi awaki, in faɗi Kware, in faɗi rumbu. Kai ma in an tambaye ka, kada ka rage kome. In ba ka yarda ba, ka nemi wani."

Uban ya ɓata rai, ya ce, "Malam, ka kashe masa aiki ke nan."

Yaron ya daɗe kansa a sunkuye. Sa'an nan ya ce, "Baba, na yarda. Na gaji da ɓoyo tun ina can. In sun ɗauke ni, su ɗauke ni da saninsu."

Aka sa hannu. Ya tafi Sakkwato wurin tantancewa, ya dawo, yana jiran fitowar sunaye. In sunansa ya fito, zai wuce Zariya wurin horo. In bai fito ba, ga fadama, ga rumbu, mabuɗin yana nan a hannunsa. Ubansa har yanzu bai gama hucewa ba, muna kuwa gane zafin zuciyarsa, gama shi ya ɗauki yaron nan zuwa asibiti sa'anda ba mai ko gaishe su.

Ya ku dattawa, da malaman makaranta, da duk wanda a kan kawo wa takarda, kafin ku ɗauki alƙalami ku tambayi kanku: in ƙauyena za a tura wannan yaro ya tsare, da 'ya'yana a ciki, zan sa hannu? Ku kuma samari masu shirin tafiya cin rani, ku sani ƙwayar da za a miƙo muku a tasha, za a tambaye ku labarinta bayan shekaru, ranar da ku ke neman abin da ya fi ta daraja nesa. Wanda ya riga ya faɗa ciki, kada ya fid da zuciya, ya nemi Barnaba nasa tun yau.

Ku tuna da yaron nan da ubansa cikin addu'a. In kuwa irin wannan magana ta taɓa tasowa a garinku, ku rubuto mana yadda kuka yi da ita, domin mu ƙaru da juna.